Baƙin Shekara Arba'in da Baƙin Mako Biyu: Tarihin Masu Aikin Sa-kai na Mishan a Ƙasar Garkida

Duk wanda ya tashi a Garkida, Kirista ne ko Musulmi, ba sai an yi masa dogon bayani a kan Turawan mishan ba, domin kuwa ko da bai shiga makarantarsu ba, da wuya a ce a gidansu babu wanda aka haifa ko aka yi wa magani a asibitin da suka gina. Sai dai kuma idan ana labarinsu akan haɗa su duka a kwando ɗaya, alhali kuwa iri biyu ne. Akwai waɗanda suka zo da niyyar zama har tsufa, wasunsu ma a nan aka binne su. Akwai kuma waɗanda suka zo aikin sa-kai na shekara biyu, ko wata uku, ko ma mako biyu kacal, suka koma gida. A kan waɗannan na biyun muke so mu yi magana a fitowar bana.

Dalili kuwa shi ne, abin da a da muke gani a wurin Turawa kawai, yanzu ya shigo gidajenmu. 'Ya'yanmu da ke Legas da Abuja da Kaduna da Fatakwal suna cikin majami'un da kan shirya tafiyar bishara ta 'yan kwanaki zuwa Nijar ko Kamaru ko Togo, a tara baiko, a ɗinka riguna iri ɗaya, a ɗauki magunguna da littattafai a tafi. Wasu kan tambaye mu dattawa ko wannan tafiya tana da amfani, ko kuwa yawon buɗe ido ne aka sa masa sunan Allah. Mu dai muna ganin babu wanda ya fi mutumin Garkida cancantar amsa wannan tambaya, tun da mun shafe sama da shekara ɗari muna karɓar irin waɗannan baƙi, mun san abin da suka bari da abin da ya bi su ya tafi.

Bari mu fara da na farkon, don a ga bambancin. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta samo asali ne a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus a 1708, daga baya mabiyanta suka yi ƙaura zuwa Amurka. A ƙarshen 1922 ta aiko da samari biyu, Albert Helser da Stover Kulp, suka sauka a Legas bayan makonni a jirgin ruwa, suka hau jirgin ƙasa zuwa Arewa, sauran hanyar kuma aka yi ta a kan doki da ƙafa. Biu suka nufa, to amma hukumar mulkin mallaka ba ta yarda su zauna a cikin garin ba, sai aka ba su wuri a nan bakin kogin Hawul. Ranar 17 ga Maris, 1923 suka yi sujada ta farko a gindin tsamiyar nan da kowa ya sani. Shekara ɗaya bayan haka, a 1924, matar Kulp mai suna Ruth ta rasu tare da jaririn da ta haifa, kuma da sunanta aka kira asibitin garin nan. Kulp bai tattara kayansa ya koma ba. Ya koyi Bura, ya je ya buɗe tashar Lassa ya koyi Margi, bai bar ƙasar nan ba sai 1963, ya rasu a shekarar da ta biyo. Sai da aka yi shekara huɗu ana wa'azi kafin a yi wa mutum huɗu na farko baftisma a 1927. Wanda ya zo da tikitin komawa a aljihu ba zai iya irin wannan jira ba.

A hannun irin waɗannan masu dogon zama aka kafa asibitin kutare na Virgwi a 1929, da tashar Marama, da ta Chibok a 1941, da makarantar Hillcrest a Jos a 1942, sannan makarantun Waka kusa da Biu a 1952, inda aka horar da malaman da suka koyar da mu. Ba za mu tsaya a kan wannan ba, an sha rubuta shi, musamman lokacin bikin cika shekara 100 a 2023.

To, daga ina baƙin gajeren zama suka fito? Yaƙi ne ya haife su. Ekklesiyar 'Yan'uwa tana cikin majami'un da imaninsu ya hana ɗaukar makami, kamar Menonawa da Kwekawa. A Yaƙin Duniya na Biyu samarinta da suka ƙi shiga soja an tura su aikin asibitoci da gonaki da dazuzzuka a madadin fagen fama. Da aka gama yaƙin, wasu suka riƙa raka shanu da dawaki a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Turai da yunwa ta addaba. Matasan da suka ɗanɗana wannan aiki su ne suka tashi a babban taron ekklesiyar na 1948, suka nemi a kafa musu hukumar aikin sa-kai ta dindindin, aka kuwa amince, aka kafa abin da ake kira B.V.S. Tsarin shi ne saurayi ko budurwa ya ba da shekara ɗaya ko biyu ta rayuwarsa, a ba shi abinci da wurin kwana da ɗan kuɗin sabulu, a tura shi inda ake bukata. Daga cikinsu ne aka riƙa turo mana malaman lissafi da kimiyya, da makanikai, da masu aikin gona da jinya. Mu da muka shiga firamare a shekarun 1960 mun tarar da su, samari ne da ba su kai wasu yayyenmu ba, ga su ja wur saboda rana, suna gaisuwa da Bura ana dariya su ma suna dariya.

A daidai wannan zamani ne duniya duka ta kama wannan hanya. A Ingila an kafa V.S.O. a 1958, kuma Alec Dickson da ya kafa ta ya taɓa aikin horar da matasa a wannan yanki na Afirka ta Yamma. A Amurka Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961, Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka karɓe su. Menonawa kuma suka fara nasu shirin turo malamai makarantun Afirka a 1962. Tun a shekarar farko aka ga alamar inda matsala za ta fito. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa 'yar Peace Corps da ke Ibadan ta rubuta wa wani abokinta katin gaisuwa tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani, katin ya faɗi a hanya, ɗaliban jami'a suka tsinta suka buga shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ita yarinyar ba mugunta ta kawo ta ba, abin da ta gani a mako kaɗan ne ta ɗauka shi ne Nijeriya.

Duk da haka, mai shekara biyu yana da lokacin da zai ga damina biyu da rani biyu, ya koyi gaisuwa, ya halarci biki da jana'iza, ya gane cewa yaron da ke barci a aji ba rago ba ne, noma ya yi tun asuba. Abin da ya rage zaman ya koma mako biyu shi ne jirgin sama. Daga 1958 da manyan jiragen jet suka fara jigilar fasinja a kan tekun Atlantika, tafiyar da ta ci wa Kulp makonni ta koma kwana ɗaya ko biyu. A 1957 wani ɗalibi mai suna George Verwer ya ɗauki abokansa biyu suka shiga Meziko lokacin hutu da mota cike da Bisharar Yohanna cikin harshen Sifaniya, daga nan ƙungiyar O.M. ta tsiro. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Y.W.A.M. a kan wannan tunani, wato ba sai mutum ya yi makarantar tauhidi ya sallama dukan rayuwarsa ba, hutun makaranta ma ya isa. Abin ya yi ta haɓaka har ya kai ga wani masanin zamantakewa na Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta a tsakiyar shekarun 2000 cewa kimanin Amurkawa miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan tafiya zuwa ƙasashen waje a kowace shekara.

Kafin mu zo kan masu sukar lamarin, wajibi ne mu tsaya a kan wata baiwar Allah da ya kamata kowane ɗan yankin nan ya san sunanta. Laura Wine ma'aikaciyar jinya ce a birnin Shikago. Bayan ta yi ritaya, shekarunta sun haura 60, lokacin da tsararrakinta ke zaune suna wasa da jikoki, sai ta ba da kanta aikin sa-kai, aka turo ta asibitin mishan na Lassa, inda ta riƙa kula da mata masu haihuwa. A watan Janairu na 1969 ta fara jin ciwon baya da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Likitan asibitin, John Hamer, ya ba ta maganin cizon sauro da sauran abin da ke hannunsa, babu sauƙi. Aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan na S.I.M. a Jos, ba ta daɗe da isa ba ta cika. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan rauni a yatsa lokacin da take share mata baki, ita ma ta kamu ta rasu a watan Fabrairu. Ta uku, Penny Pinneo, da ta kwanta sai aka kai ta Niyok, ta sha doguwar jinya amma ta tashi. Daga jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka gano wata ƙwayar cuta da likitancin zamani bai san da ita ba. Shugaban binciken, Jordi Casals, shi ma ya kamu, da ruwan jinin Pinneo aka yi masa magani. A farkon 1970 kuma likita Jeanette Troup ta yanke yatsa tana binciken gawa a Jos, cutar ta kashe ta a watan Fabrairu.

Haka aka yi sunan wani ƙaramin gari na Margi ya shiga littattafan likitanci na duniya duka, ko da yake mutanen Lassa ba su taɓa jin daɗin wannan suna ba, kuma suna da gaskiya, domin cutar ba a garinsu ta tsaya ba, ba kuma su suka ƙirƙiro ta ba. A 1972 a ƙasar Saliyo aka tabbatar cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita, shi ya sa har yau malaman lafiya ke ta kiran a rufe abinci, a daina shanya hatsi a bakin hanya. Akwai kuma abin da ke yi mana ciwo a wannan labari, wato babu shakka cutar ta daɗe tana kashe mutanenmu ana cewa zazzaɓi ne ko sammu, ba a ba ta suna ba sai da ta taɓa Baturiya. Wannan ba laifin Laura Wine ba ne. Mun kawo labarinta ne don wanda ke cewa duk mai aikin sa-kai ɗaukar hoto ya kawo shi, ya san akwai wadda ta zo da tsufanta ta bar ranta a nan.

Yanzu sai suka. A 1998 mahaukaciyar guguwar nan da aka kira Mitch ta rushe gidaje bila adadin a ƙasar Honduras, majami'un Amurka da Kanada suka yi ta tura ayari-ayari don sake gini. Wani malamin jami'a mai suna Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe yana zaune a ƙasar, ya bi sawu ya yi lissafi. Ya tarar cewa idan aka haɗa kuɗin jirgi da masauki da abinci, gida ɗaya da baƙi suka gina ya ci kimanin dala 30,000, alhali irinsa da 'yan ƙasa suka gina ya tsaya a kan dala 2,000. Bai ga wani bambanci a rayuwar waɗanda suka shiga gidajen ba, kuma su kansu matafiyan, da suka koma gida, baikonsu bai ƙaru yadda suka yi zato ba. Kowane tsohon hedimasta da ya taɓa riƙe kuɗin ginin aji zai gane wannan lissafi ba tare da alli ba: kuɗin gida ɗaya zai gina goma sha biyar, kuma magina da kafintocin gari su sami abin kai wa iyali. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Haiti a Janairun 2010 bayan girgizar ƙasa, inda aka kama wasu Amurkawa goma 'yan majami'ar Baftis a kan iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba, suna cewa marayu ne za su ceta, daga baya aka gano yawancin yaran iyayensu suna da rai.

Idan muka dawo gida muka auna da wannan ma'auni, za mu ga cewa aikin da ya fi daɗewa a ƙasarmu shi ne wanda baƙo ya koya wa ɗan gari ya kauce. Misali mafi kyau shi ne shirin Lafiya da aka fara a nan Garkida a shekarun 1970. Maimakon a jira likita ya zo daga Amurka, ƙauye ne da kansa zai zaɓi mutanensa, a kawo su a horar da su na 'yan watanni, su koma su riƙa ba da maganin zazzaɓi da gudawa, suna koyar da tsabtar ruwa da abincin yara ta hanyar tatsuniya da waƙa da wasan kwaikwayo. Har daga wasu ƙasashe an zo kallon wannan tsari. Da ɗan gari akan ci gari. Haka kuma lokacin da ekklesiyar ta tsaya da ƙafarta a 1972, gwamnati kuma ta karɓi makarantu da asibitoci a cikin waɗannan shekaru, abin da ya riƙe aikin shi ne malamai da ma'aikatan jinya da aka horar, ba gine-ginen ba. Injin da babu mai gyara shi kuwa, duk mun san inda irinsu suka ƙare, a bayan sito ciyawa ta rufe su.

Amma kada a ɗauka lissafin kuɗi shi ne duka maganar. A shekarun 2000 akan shirya aikin gayya na 'yan makonni a hedkwatar E.Y.N. da ke Kwarhi, inda 'yan Amurka da Jamus da Suwizalan kan zo su haɗu da matasanmu a ɗauki bulo tare, a ci tuwo tare. A wancan lokaci wasunmu sun yi ta gunaguni cewa da kuɗin tikitin aka aiko da an fi samun riba. Sai ga 2014 ta zo. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ekklesiya. A ƙarshen Oktoba Boko Haram suka mamaye Mubi da Kwarhi, shugabanni suka yi gudun hijira zuwa Jos, dubban mutanenmu suka watsu cikin duwatsu da Kamaru da Yola. A wannan rana ta baƙin ciki, waɗanda suka tashi a majami'un ƙauyukan Amurka suka yi ta magana har aka tara miliyoyin daloli na agaji, da yawansu mutanen da suka taɓa koyarwa a Waka ne, ko suka taɓa ɗaukar bulo a Kwarhi, ko 'ya'yan da aka haifa a asibitin Garkida da Lassa. Mutum ba ya kuka a kan sunan da ya gani a taswira kamar yadda yake kuka a kan gidan da ya taɓa kwana. Wannan riba ce da Ver Beek bai sa a lissafinsa ba, mu kuwa mun ci ta. Da aka kawo wa garin nan hari ranar 21 ga Fabrairu, 2020 aka ƙona majami'u da gidaje, labarin ya isa wurinsu kusan lokaci ɗaya da ya isa wurin 'ya'yanmu na Legas.

Ba kuma yau 'yan Nijeriya suka fara fita ba. Tun 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara ta E.M.S. wadda ke ƙarƙashin E.C.W.A. a yanzu. A 1975 wasu matasa da suka yi bautar ƙasa a Arewa suka kafa CAPRO a Zariya, wato aikin shekara ɗaya ne ya zame musu na rayuwa. A 2015 kuma mawaƙan Zumuntar Matan Ekklesiya suka yi rangadin Amurka na makonni, suna shiga majami'a bayan majami'a da ganguna da tulunansu, suna ba da labarin abin da ya same mu da bakinsu. A wannan karon mu ne baƙin gajeren zama, su ne masu masauki.

Saboda haka ga 'ya'yanmu masu shirin tafiya, abin da za mu ce kaɗan ne. Ku bari masu masaukin su faɗi abin da suke bukata kafin ku sayi ko allura. Kada wanda bai taɓa yin allura a Abuja ba ya je Maraɗi ya zama likita. Idan a garin akwai magini, ku ɗauke shi aiki ku zama leburorinsa. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton ɗan wani, ku tuna da katin Ibadan, domin Facebook ya fi katin saurin yawo. Wuri ɗaya da za ku koma shekara biyar a jere ya fi ƙasa biyar da za ku leƙa sau ɗaya-ɗaya. Sa'an nan likitoci da malamai da injiniyoyin da ke cikinku, idan kuna da mako biyu na bayarwa, hanyar Gombi zuwa Garkida ba ta bukatar biza, kuma a nan ba sai an nemo muku tafinta ba.

Akwai wani aiki kuma da muke roƙon ƙungiya ta sa a gaba. Wasiƙu da rahotanni da hotunan waɗannan baƙi, na dogon zama da na gajere, suna ajiye a ɗakin adana tarihi na Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke garin Elgin a jihar Illinois, kusa da Shikago. A cikin hotunan akwai fuskokin kakanninmu da suka ɗebo ruwa, suka yi tafinta, suka sari itacen rufin asibiti, waɗanda sau da yawa ba a rubuta sunansu a bayan hoton ba. Muna da 'ya'ya a Amurka da za su iya zuwa su nemi izinin kwafo su. Tsofaffin da za su dubi hoton 1950 su ce wannan wane ne ɗan wane, sun ragu ƙwarai, kuma kowace shekara idan muka taru a watan Disamba sai mun tarar an sake rasa wasu.